Dutse Mai Gicciye a Kusurwar Burtali

Valdelonga, watan Satumba

Zuwa ga Ondina, jikar yayana Zaneto,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da ban san sunansa ba, da mahaifiyarki. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ta ƙi ni, kunnen dama ya yi ritaya tun bara, sauran jiki yana aiki gwargwado. Kada ki ce za ki buga mini waya, ba na jin komai a cikinta sai shuu kamar teku.

Wasiƙarki ta bara tana nan ƙarƙashin gwangwanin sukari. Na karanta, ban amsa ba, kuma da gangan. Bayan yaƙi kakanki ya ɗora akwatinsa da keken ɗinkin tsohuwarmu a kan amalanke, ya bi masu tafiya Italiya, ya bar ni ina ɗan saurayi da tsohuwa da gona da gurgun jaki. Tsohuwa ta mutu tana duban hanya. Abin da muke samu daga Torino, garin da ya sauka, katin Kirsimeti ne mai hoton dusar ƙanƙara, sai ka ce mu ba mu san sanyi ba. Shi ne na ce bari jininsa ma ya ɗanɗana jira. Ba laifinki ba ne, na sani. Amma ke na samu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Aji uku na yi a makaranta, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Kin ce aikinki duba tsofaffin taswirori ne, kina neman iyakokin gonaki na mutanen dauri. To ga iyaka ta biyo ki har gida. Burtalin da ya bi gefen gonarmu, wanda muke ce wa limido, mai katangar dutse dama da hagu, shi ake so a kashe. Wasu masu kamfani sun saye duk gangaren da ke kallon teku, za su gina wa baƙi gidajen hutu, motocinsu kuwa ba za su shiga burtalin da aka yi don amalanken shanu ba. Za a faɗaɗa. Biaso, maƙwabcina na ɗaya gefen, ya sayar da tasa gonar tun ba su gama gaisuwa ba, ya sa sababbin haƙoran roba, yanzu har karnuka yake yi wa murmushi. Sai dai a gefensa akwai sandunan wutar lantarki, cire su da tsada, don haka ta gefena za a ci. Masu awo sun zo sun kafa turaku masu jan ƙyalle a cikin gonata. Katangata duka ta shiga ciki, da layin zaitun ɗin da ke bayanta.

Zaitun ɗin nan ba ki san su ba. Sanyin da aka yi shekarar aurenmu ya ƙone na babanmu har ƙasa. Fumia matata, Allah ya ji ƙanta, ita ta bi kututturan ɗaya bayan ɗaya ta yi musu aure da rassan wata bishiya ta garinsu. Ba mu haihu ba. Su muka yi wa reno.

Na je ofis a gari. Wata mata ta ce mini amfanin jama'a ne, kuma za a biya ni. Na ce wace jama'a, mu nawa muka rage a ƙauyen? Ta ce in ina da ƙorafi in kawo takarda. Kowa takarda. Ni kuwa ba ni da wata takarda sai ke.

Ki duba cikin taswirorinki ko akwai inda aka nuna burtalin nan ba na taɓawa ba ne. Babanmu yakan ce ya girmi coci. In ba za ki iya ba ki faɗa mini kai tsaye, kada ki yi mini irin ta kakanki.

Ni ne ƙanen kakanki,
Menego

Padova, watan Oktoba

Barba Menego,

Ina gaishe ku da girmamawa, sannu da gwiwa. Na ce Barba, yadda Mama ta ce ake kiran baffa da kowane dattijo a can. Mu lafiya lau. Sunan mijina Tullio, yana gaishe ku. Mama ma tana gaisuwa, ta yi kuka da ta ga rubutunku, wai hannunku irin na babanta ne. Zancen Kaka ba zan kare shi ba. Abin da na sani kawai, keken ɗinkin yana ɗakin Mama har yau, kuma yana raye bai taɓa barin kowa ya hau shi ba.

Na je Trieste na duba taswirar da masu awon Ostiriya suka zana kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Gonarku tana ciki, da bukkar dutsen da ke cikinta, da burtalin, miƙe kamar an ja zare. Na ɗora ta a kan hoton da aka ɗauka daga jirgin sama, sai ga abin da na daɗe ina nema. Lokacin da Rumawa suka raba ƙasar Pola, inda ƙauyenku yake, ga mutanensu, sun yanka ta gida-gida kamar gidan dara, kowane gida mita ɗari bakwai da 'yan kai ta kowane gefe, da hanya tsakanin gida da gida. Manoma suka yi ta tara duwatsun gona a bakin hanyoyin nan har suka zama katangu. Burtalinku yana kan ɗaya daga cikin layukan. Babanku ya yi gaskiya, ya girmi coci nesa ba kusa ba.

Amma ba zan yi muku alkawarin da ba zan cika ba. Layi a takarda ba ya tsayar da katafila. Irin burtalin nan da yawa an riga an bi ta kansu. Abin da ke sa hukuma ta ce a kauce shi ne a ga wani abu na Rumawa a ƙasa, a mazauninsa. Bisa awona, inda burtalinku ya haɗu da hanyar tafki, nan ne layi biyu suka ratsa juna. Ko kun taɓa ganin wani abu a kusurwar nan? Tsingaro, ko dutsen da aka sassaƙa?

Na sa muku kwafin taswirar. Jan layin ni na ja.

Jikarku,
Ondina

Valdelonga, ƙarshen Nuwamba

Ondina,

Gaisuwa. Ki gai da Tullio, ki gai da mahaifiyarki, ki ce ta share hawaye, hannuna bai yi kama da na kowa ba, kakanki ai aji biyar aka bar shi ya yi. Tsinkar zaitun ce ta sa na yi jinkiri. Bana sun yi 'ya'ya kamar sun ji labari. Bayana ya riƙe kwana biyu, ya saki.

Taswira ta iso. Na shimfiɗa ta a tebur na danne da kofuna. Mutanen Ostiriya sun iya aiki, har tafkin sun shafa wa shuɗi. Abu ɗaya ne ban so ba. Jan layinki ya ratsa ta gefen gonata kamar babu kowa a ciki. Ke da masu turaku launi ɗaya kuka zaɓa.

Kusurwar da kike tambaya na san ta fiye da aljihuna. Nan ce inda katangarmu ba ta taɓa zama lafiya ba. Babanmu ya gina ta zube, ni na gina ba adadi ta zube. Dalili kuwa wani dutse ne a tsaye cikin ƙasa, fari, mai gefe huɗu, abin da ya fito waje ya kai gwiwa, na ƙasa kuwa sai Allah. Dutsen katanga kwanciya yake yi, ɗaya a kan biyu, biyu a kan ɗaya, kowa ya riƙe ɗan'uwansa. Shi wannan a tsaye yake, bai riƙe kowa ba, bai yarda a riƙe shi ba. A samansa akwai gicciye siriri da aka sassaƙa. Tsohuwarmu takan ce wani limamin coci ne ya faɗi ya mutu a wurin, ba ta wucewa sai ta yi alama a ƙirji. Tun da Fumia ta kwanta ciwo ban sake gyara wurin ba. Yanzu tsibin duwatsu ne da ƙaya, dutsen yana ƙarƙashi. Tsingaro kuwa garma tana tono shi kowace shekara, muna watsawa kan tsibin.

Ran Lahadi na gamu da Biaso a bakin coci. Ya ce, "Menego, an ce ka ɗauko lauya daga Italiya."

Na ce, "Jikata ce, kuma malama ce, ba lauya ba."

Ya ce, "Jikarka? Yaushe ka haihu ban sha giyar baftisma ba?"

Na ce, "Ranar da ka sayar da gonar ubanka. Kana can ana gwada maka haƙora."

Ya ce, "Kai dai karɓi abin da za su ba ka ka sayi murhu mai kyau. Wa za ka bar wa? Kabarin jakinka?"

Na ce, "Rumawa ne suka ja layin nan."

Ya ce, "To kira su su zo su tsaya maka."

Mutane suka yi dariya. Na ƙyale shi don a bakin coci ne. Amma tambayarsa ta biyo ni gida. Wa zan bar wa? Ban ce ke ba, ban ce kowa ba. Itace ba sai yana da magaji yake da ikon tsayuwa ba.

An ce bayan bikin Ista za su fara. Ki yi abin da za ki yi. Na ba direban motar Trieste kwalbar man bana, zai sa miki a gidan waya daga can. Ki ɗiga a kan wake, kada ki yi suya da shi.

Menego

Padova, watan Disamba

Barba,

Ina gaishe ku, sannu da aikin zaitun. Mai ya iso, Tullio har da cokali yake sha in ban gani ba. Ni kuwa a kwance nake. Ina da ciki, likita ya hana ni zuwa ko'ina sai na sauka, wajen watan Afrilu. Ba don haka ba da yanzu ina kusurwar nan.

Ba limamin coci ba ne ya mutu a wurin, Barba. In abin da nake zato ne, dutsen masu awon Rumawa ne, gicciyen kuma yana nuna inda layukan biyu suka nufa. Irinsa da aka samu tsaye a inda aka kafa su ba su da yawa ko kaɗan. Shi ne zai iya ceton burtalin da zaitun ɗin Goggo Fumia.

Na rubuta wa ofishin kula da kayan tarihi, na tura musu taswirorin, na kuma bayyana musu cewa kusurwar a rushe take, ƙaya ta rufe ta. Wata ma'aikaciyarsu ta amsa, za ta zo farkon Maris. Kafin nan don Allah kada ku wahalar da kanku da katangar, ga sanyi ga gwiwa. Ku bar ta yadda take, haka nake so su gan ta. Ku dai riƙa leƙa wurin.

Barka da Kirsimeti. Ban sa kati mai dusar ƙanƙara ba.

Jikarku,
Ondina

Padova, ƙarshen Janairu

Barba,

Ina gaisuwa. Shirun ya yi yawa. Wasiƙata ta Disamba ta iso kuwa? Na buga waya shagon ƙauye, suka ce kuna lafiya, kullum kuna gona tun safe. Me ake yi a gona cikin wannan sanyi? Ku rubuto ko layi biyu ne.

Ondina

Valdelonga, ƙarshen Fabrairu

Ondina,

Gaisuwa, da sannu da nauyi. Allah ya sauke ki lafiya. In namiji ne kada a sa masa Zaneto, ɗaya ya isa. Ni lafiya, ban da yatsu da suka tsattsage da farce ɗaya da dutse ya ɗauke.

Wasiƙunki biyu sun iso. Ban amsa ba don raina ya ɓaci, kuma hannun da ya wuni yana ɗaga dutse ba ya riƙe fensir da yamma.

Wato kin rubuta wa baƙi, a takardar hukuma, cewa katangar Menego a rushe take, ƙaya ta cinye ta. Kuma haka kike so su gan ta. Ba a nan kika tashi ba, shi ya sa. A ƙasar nan in ka bi burtali ka ga katanga a zube ba sai ka tambaya ba: mai gonar ya mutu, ko ya tafi Italiya, ko mashayi ne. Ni ban mutu ba, ban tafi ba. Kuma wace hukuma ce za ta tsaya wa katangar da mai ita ma bai tsaya mata ba? In matar ofishin tarihin nan ta zo ta tarar da juji, ai cewa za ta yi gara a share. "Kada ku wahalar da kanku." Haka kakanki ya rubuto wa tsohuwa a katinsa na farko, wai ta bar wahala da gona. Daga nesa kowa ya iya tausayi.

To na gyara. Tun bayan Kirsimeti nake kai. Na sare ƙaya na ƙone, na warware tsibin har ƙasa, na ware manya daban ƙanana daban. Tsingaron ya yi baro da yawa, na zuba a ramukan burtali don motar matar ta samu wucewa. Sai na iso kan dutsenki. Na tsaya na yi tunani. In na bar shi a gindi, katangar za ta sake zubewa kamar yadda ta saba. Kuma kin ce yana da daraja, a ƙarƙashin gini wa zai gan shi? Na yi ta haƙa kewayensa, ashe ya kusa kai mini ƙugu a cikin ƙasa, an cusa masa tsingaro da gawayi a gindi. Sandar ƙarfe ta kasa ɗaga shi.

Ina cikin haka sai ga Biaso a kan tarakta, ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Kabarinka kake haƙa? Ƙara faɗi, taurin kanka ba zai shiga ba."

Na ce, "Wuce ka ba ni wuri, mai haƙoran aro."

Ya ce, "Shekara nawa kuna faɗa da dutsen nan, kai da ubanka?"

Na ce, "Yau zai ƙare."

Ya sauko, ya kwance sarƙa. Ban ce na gode ba. Muka naɗe dutsen da tsohon bargo don kada sarƙa ta ci shi, tarakta ta ja, ya fito kamar haƙori. Biaso ya dawo washegari, ya sake dawowa, yana miƙo mini duwatsu yana kushe aikina. Wai tun da ya sayar da gonar bai san inda zai kai hannuwansa ba.

Ramin na cike shi da tsakuwa na daɓe. Kusurwar ta tashi, Ondina. Ban taɓa yin gini irin wannan ba, ko wuƙa ba za ta shiga tsakanin dutse da dutse ba. Shi kuwa na wanke shi da burushin ƙarfe ya yi fari fat, muka kwantar da shi a saman kusurwar, gicciyen yana kallon hanya, yadda mai zuwa zai hango shi tun daga tafki.

Yanzu su zo. Ba za a ce gidanmu ba kowa ba.

Menego

Valdelonga, tsakiyar Maris

Ondina,

Gaisuwa. Ina fata nauyi da sauƙi. Ni ina ɗan tari, ba wani abu ba.

Wasiƙarki ta gaggawa ta iso ran Juma'a. Matar ta zo ran Laraba. Ko da wasiƙar ta riga ta, me za ta gyara? Kin cika shafi biyu da "Barba me kuka yi", har tawada ta jiƙe a wuri ɗaya. Ba sai kin sake faɗa ba, an faɗa mini ina tsaye.

Ta zo da takalman roba da jaka, mace mai hankali, ta gaishe ni da harshenmu. Na sa rigar zuwa coci. Biaso ma ya zo, wai wucewa yake yi. Muka taka zuwa kusurwa. Tun daga tafki ta hango dutsen, ta ƙara sauri, na ce a raina, yauwa. Ta isa ta dafa shi, ta bi gicciyen da yatsa. Sai ta dubi katangar, ta dubi takardarki, ta sake duban katangar.

Ta ce, "Barba, ina tsibin?"

Na ce, "Na gyara."

Ta ce, "A ina dutsen yake tun asali?"

Na nuna mata da ƙafa. Na ce, "Nan. Ko nan. Ƙarƙashin ginin dai."

Ta ce, "Ina hannuwan gicciyen suke kallo?"

Biaso ya ce ɗaya wajen teku, na ce ƙarya yake wajen coci ne, muka fara musu. Ta zauna a kan katangata ta rufe fuska da hannu. Sannan ta ce, "Abin da ke cikin ramin fa?"

Na ce, "Kin bi ta kansa da mota."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini. Ta ce dutsen na gaske ne, kin yi gaskiya. Amma dutsen iyaka shaida ne muddin yana inda aka kafa shi. In ya tashi, lauyan kamfani zai ce daga wani wuri aka ɗauko, tsoho ya ɗora a katangarsa don ya tare hanya, ga gini sabo, ga dutse a wanke. Na ce ni da Biaso za mu rantse. Biaso ya ce zai rantse ko a gaban wa, wannan kam na yaba masa. Ta ce za ta rubuta, za ta roƙi izinin tono a ƙarƙashin kusurwar, amma kada in sa rai. Da za ta tafi ta shafa ginin, ta ce ba ta taɓa ganin kusurwa mai kyau irin wannan ba. Ban sani ba ko yabo ne.

Yanzu ki saurare ni. Kin ce ai kin faɗa mini. Na yi ta karanta wasiƙarki ta Disamba har ta kusa yagewa. Kin ce kada in wahala, ga sanyi ga gwiwa. Ba ki ce in na taɓa dutsen zaitun sun tafi ba. Da kin faɗa mini yadda ake faɗa wa jaki, tsaya, da na tsaya. Kin lulluɓe maganar da ladabi har na kasa ganin ta. Ku mutanen can haka kuke. Kakanki ma da zai tafi cewa ya yi zai je ya duba ya dawo.

Ba na son zuwa gona kwanan nan. Ina zuwa dai.

Menego

Valdelonga, watan Mayu

Ondina,

Gaisuwa, da barka da sauka. Hoton ya iso. Yarinyar ta kwaso goshin gidanmu, Allah ya raya ta, ya sa ta fi mu jin magana. Kin sa mata Fumia. Ban san abin da zan ce ba, sai na bar shi haka. Tarin yana nan, likita ya ba ni wani ruwa mai ɗaci, na ajiye.

An ba matar izinin tono na yini ɗaya. Da hannuna na warware kusurwar, ban yarda wani ya taɓa ba. Suka tarar da tsakuwata, a daɓe da kyau. Ta rubuta abin da ta rubuta, aka amsa mata cewa babu abin da zai hana aiki. Dutsen kuwa suka ce na hukuma ne, aka zo da mota aka ɗauke. Biaso ya je gari ya gan shi a farfajiyar gidan tarihi, da 'yar takarda a jikinsa, wai an samo shi a wajen Valdelonga, ba a san ainihin wurin ba. Shekara dubu biyu yana tsaye wuri ɗaya, yanzu shi ma ya zama irin kakanki.

Katafila ta zo bayan Ista kamar yadda suka faɗa. Katangar da kakanninmu suka tara, kafin a buga ƙararrawar tsakar rana ta zama tsakuwa. Akwai injin da ke biye yana niƙawa, da ita suka shimfiɗa hanyar. Zaitun sun soma fitar da fure. Direban ya ce in ina so zai tumɓuke su da saiwa in dasa a wani wuri. Kututturen da ya girmi kakansa, a kan dutse ya kama, in dasa a ina? Na ce ya yi aikinsa. Ban tsaya kallo ba. Na shiga bukkar dutse na zauna, Biaso ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya toshe ta da bayansa. Bai yi ba'a ba ranar.

Kin ce in zo Padova in zauna da ku. A'a. Ɗaya ya tafi, ya isa. Kin kuma ce laifinki ne. Na faɗi abin da na faɗa a watan Maris, ba zan janye ba, amma ki daina kuka a kan takarda, kina shayarwa.

Taswirarki tana nan. Jiya na ɗauke ta na bi sabuwar hanya da ita. Miƙe take kamar an ja zare, daidai kan jan layinki. In an sake ɗaukar hoto daga jirgi, layin Rumawanki yana nan, har ya ƙara fitowa fili. Ke ba ki rasa komai ba. In kina rubuta littafi, ki sa a ciki.

Na ba direban Trieste kwalba biyu. Su ne ƙarshen na bara, kuma ba za a sake ba. Na san halinku, ku masu adana tsofaffin abubuwa. Kada ki sa shi a kabad ki ce na tarihi ne. Mai ba dutse ba ne, ba ya jiran kowa, lalacewa yake yi. Ki ci. In yarinyar ta fara cin abinci, ki ɗiga mata a harshe.

Menego